Daga Legon zuwa Nima: Yadda Labarin Annoba Ya Koma Cikin Waya

Ranar Alhamis 12 ga Maris 2020, da dare, Ministan Lafiya na Ghana Kwaku Agyeman-Manu ya fito ya shaida wa ƙasa cewa an samu mutum biyu da cutar korona, ɗaya ya shigo daga Norway, ɗayan daga Turkiyya. Gwajin da ya tabbatar da haka an yi shi ne a Cibiyar Noguchi, cikin harabar Jami'ar Ghana a Legon. Kafin a jima wannan adadi ya hau taswirar da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe a intanet tun 22 ga Janairun shekarar, inda duk mai waya a ko'ina cikin duniya zai iya ganin jan ɗigo ya fito a kan Ghana.

Daga Legon zuwa unguwar Nima ta Accra tafiyar kamar kilomita goma ce. Amma mai koko da ƙosai a bakin titin Nima, ko tsohuwar da ke zaune a tsakar gida a unguwar Maamobi, ba ta wannan taswira labarin ya iso musu ba. Ta rediyo ya zo, da bakin liman, da saƙon murya da wani ɗan'uwa ya turo a WhatsApp, wani gaskiya, wani ƙanzon kurege. Labarin da ya ƙetare teku cikin 'yan sa'o'i sai da ya sha wuya kafin ya shiga lungunan Zango da ainihin kamanninsa. Wannan tazara tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi intanet, ya girmi jami'ar, ya ma girmi Nima kanta.

A farkon 1908 annobar da ɓeraye da ƙumansu ke yaɗawa ta ɓulla a Accra. A lokacin Hausawa sun riga sun kafu a garin. Akwai tsofaffin sojojin da suka yi wa Turawa yaƙin Asante na 1874, akwai fataken goro da dillalan shanu, akwai gidajen malamai irin na Malam Nenu, mutumin Katsina, wanda ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarnin. Gwamnatin Ingila ta aiko da Farfesa William Simpson, malamin ilmin tsafta a Kwalejin King's ta Landan, ya zo ya shawo kan lamarin. Ya sa aka yi wa garin ƙawanya, ba mai fita sai da takardar shaidar an yi masa allura. Aka killace marasa lafiya, aka rushe gidajen da aka ce sun zama matattarar ɓeraye. Kimanin mutum 300 suka rasu kafin abin ya lafa.

Daga wannan annoba aka kafa ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati a Accra, wanda daga baya ya koma kusa da Asibitin Korle Bu da Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923. Daga ita kuma hannun duba-gari ya yi ƙarfi. Mutanen Accra na kiransu tankas, kuma har yau dattawan Zango ba su manta da su ba. Mutum ne zai faɗo gida ba zato, ya buɗe randa, ya leƙa. In ya ga tsutsar sauro sai sammaci, sai kotu, sai tara, kuma galibi matan gida abin ke faɗa wa. Ba na cewa aikin banza ne. Sauro na kisa, randar da ba a rufe ba kuwa gidansa ce. Amma abin da mutumin Zango ya koya daga wannan zamani shi ne, in hukuma ta zo da maganar lafiya, to da hukunci a hannunta ta zo. Simpson kansa yana cikin masu ra'ayin a raba unguwar Turawa da ta baƙar fata da sunan kare lafiya, kuma wannan ra'ayi ya yi tasiri kan yadda aka tsara Accra: inda za a kai famfo da magudanar ruwa, da inda za a bari.

Shekara goma bayan annobar 1908, murar 1918, wadda a ƙasar Hausa ake kira marisuwa, ta shigo ta jirgin ruwa daga Freetown a ƙarshen Agusta. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum 100,000 ko fiye a ƙasar cikin watanni shida. Babu allura, babu magani, labarinta ma sai dai ya bi ƙafar matafiyi, ya iso tare da cutar.

Sunan da ke jikin cibiyar Legon kuwa na wani likita ne ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ma'aikacin Cibiyar Rockefeller ta New York. Ya zo Accra a 1927 don binciken cutar shawara. Yana da yaƙinin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa ta, alhali ba ita ba ce. Cutar ta kama shi yana cikin aiki, ya mutu ranar 21 ga Mayu 1928. Kwanaki kaɗan bayansa Dakta William Young, shugaban ɗakin gwaje-gwajen da ya karɓi baƙuncinsa, shi ma ya bi shi da cutar. Japanawa ba su manta da mutuminsu ba. Hotonsa ya daɗe a kan takardar kuɗinsu ta yen 1,000.

A lokacin da Noguchi ya mutu, Nima makiyaya ce. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, dillalin shanu, ya samu filin daga gidan Odoi Kwao na Osu, jama'a suka fara taruwa a kusa da shi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika wurin da mutane, domin sansanin sojoji da filin jirgin sama na kusa, ana neman kuku da leburori da masu gadi da masu wanki. Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Mosawa, Fulani, Farafara, Dagomba, Wangarawa, kowa ya zo da harshensa, Hausa ta zama abin da ya haɗa su a kasuwa da masallaci. Shekaru da dama unguwar tana wajen iyakar hukumar gari, don haka aka gina ta ba tare da awon titi ko magudana ba. Gida mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, iyali guda a ɗaki guda, ban-ɗaki na haya a bakin hanya, ruwa a saya a bokiti: wannan tsarin tun daga can ya samo asali. Sai kuma Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka kwashe kaya, cikinsu har da waɗanda a Zango aka yanke musu cibiya. Duk wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa dattijo a Nima zai yi jim idan ma'aikacin gwamnati ya ce ya faɗi sunansa da garin mahaifinsa, to ya fara daga 1969.

Masu bincike kam ba su taɓa rasa hanyar Nima ba. Keith Hart ya zauna a cikinta tsakanin 1965 da 1968, kuma daga abin da ya gani na yadda mutane ke cin abinci ba tare da albashi ko rajista ba ya fitar da ra'ayin da masana tattalin arziki na duniya ke amfani da shi har yau. Daga baya lauyoyin wata cibiyar kare haƙƙi ta Accra, irin su Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, tare da ɗaliban lauya daga Harvard, sun yi aiki da matasan Nima kan tsafta da kan tsarin nan na sai ka biya kafin a duba ka a asibiti, tun kafin dokar inshorar lafiya ta 2003. Aikin waɗannan lauyoyi ya bar wa unguwar wani abu. Amma yawancin bincike, bayani ne ke fita daga Nima ya tafi Legon ko Turai, ya zama littafi cikin Turancin da masu ba da bayanin ba za su taɓa karantawa ba.

Jami'ar Ghana kanta an kafa ta a 1948. A 1979 gwamnatin Japan ta gina mata Cibiyar Noguchi don tunawa da mamacin. A 1994 aka buɗe Makarantar Kiwon Lafiyar Al'umma, inda daga 2007 ake horas da masu bin sawun annoba a fili. A Kumasi kuma, a 1997, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta haɗa hannu da wata cibiyar Hamburg suka kafa cibiyar bincike ta KCCR. A 2014 aka ƙara da WACCBIP a Legon, ƙarƙashin Farfesa Gordon Awandare, masu nazarin halittar ƙwayoyin cuta. Waɗannan su ne ginshiƙan da komai ya tsaya a kansu a 2020.

Yadda alƙaluman lafiya suka bar takarda suka hau intanet labari ne da ba a cika ba da shi ba, ga shi kuwa nan ne hannun jami'a ya fi fitowa. Ghana ta samu cikakken layin intanet a 1995 ta hannun kamfanin Dakta Nii Quaynor, tana cikin na farko a Afirka ta Yamma. Duk da haka, shekara da shekaru rahoton asibiti a takarda yake tafiya. Ma'aikaciyar jinya a Maamobi za ta cika babban littafi: yara nawa aka yi wa allura, mutum nawa suka zo da zazzaɓi, nawa da gudawa. Ƙarshen wata a tattara, a kai ofishin gunduma, daga nan yanki, daga nan hedikwata. Kafin mai yanke shawara ya ga cewa gudawa ta yi yawa a wata unguwa, an riga an yi jana'izar waɗanda za a yi. Maganin wannan jinkiri ya fito ne daga wani aiki da Jami'ar Oslo ta Norway da Jami'ar Western Cape suka fara a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya. Suka ƙera manhaja ta kyauta, wadda kowace ƙasa za ta iya ɗauka ta gyara yadda ya dace da ita. Sabon samfurinta mai aiki a intanet, DHIS2, an fara gwada shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Kenya ta shimfiɗa shi a faɗin ƙasa a 2011, Ghana ta biyo baya a 2012 da sunan DHIMS2. Nijeriya ma shi take amfani da shi. Tun daga nan, abin da aka shigar a kwamfutar asibitin unguwa, jami'in gunduma da na hedikwata na iya ganinsa nan take. Mai jinya bai san da wannan manhaja ba, kuma ba dole ne ya sani ba, amma ita ce ta rage kwanakin da ke tsakanin ɓullar cuta da saninta.

Wannan hanya ce ta kai bayani sama. Ta sauko da shi ƙasa kuwa, gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne nesa da Accra, a yankin Kassena-Nankana na arewa maso gabas. A 2010 Hukumar Lafiya ta Ghana da Gidauniyar Grameen da Jami'ar Columbia suka fara shirin MOTECH, inda ake kiran mace mai ciki a waya ta ji saƙo cikin harshenta, daidai da watannin cikinta. An ba matan zaɓi tsakanin rubutu da murya, kusan dukansu suka zaɓi murya. Darasin a bayyane yake tun shekara goma kafin korona: mutanenmu da kunne suke karɓar magana.

Shekarar 2014 ta zo da jarrabawa biyu a lokaci guda. Kwalara ta ɓarke, mafi muni da Ghana ta gani tun shigowar cutar a 1970: sama da mutum 28,000 suka kamu, 243 suka mutu, mafi yawa a Accra da kewayenta, a unguwannin da ruwa da ban-ɗaki suka yi ƙaranci. A daidai lokacin Ebola na cin Gini da Laberiya da Saliyo, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedikwatar yaƙi da ita a Accra, Noguchi kuma na gwada jinin duk wanda aka yi zargi. Allah Ya tsare, ba a samu ko ɗaya ba. Daga wannan fargaba abubuwa biyu suka fito. UNICEF da gwamnati suka buɗe layin Agoo, wanda mutum zai kira ya saurari bayani kan kwalara da Ebola cikin harsunan gida. Sannan masanan Nijeriya da suka yi fama da Ebola a Legas suka haɗu da Cibiyar Helmholtz ta Jamus suka ƙera SORMAS, manhajar da ke bin mutum ɗaya-ɗaya: wa ya kamu, da wa ya yi cuɗanya, ina samfurinsa ya kai, me gwaji ya nuna. Ghana ta fara gwada ta a 2019, watanni kaɗan kafin a buƙace ta ido rufe.

Wani abin da ya faru a 2015 ma ya kamata ya zama gargaɗi. An shirya gwajin allurar rigakafin Ebola a Hohoe da Kintampo, masana sun gamsu, hukumar magunguna ta amince. Amma jama'a a kafafen labarai suka fara jin zancen, jita-jita ta riga bayani, aka ce za a shigo da cutar ne. Hayaniya ta kai Majalisa, aka dakatar da shirin. Mai karatu a Kano zai tuna da 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan-inna, da kuma gwajin maganin sanƙarau na 1996 da ya shuka wannan rashin yarda. Zangunan Accra ba tsibiri ba ne. Abin da aka faɗa a Kano ko Zariya da safe, kafin la'asar ana sauraronsa a Nima.

Da korona ta zo, abubuwa sun gudana da sauri. Ranar 15 ga Maris Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taruka, har da na masallatai da coci-coci, ya rufe makarantu. Jami'ar Ghana, wadda ɗaya daga cikin ɗalibanta na cikin waɗanda suka fara kamuwa, ta mayar da karatu kan manhajarta ta Sakai. Ranar 22 ga wata aka rufe iyakoki, ranar 30 aka sa kulle a Accra da Tema da Kasoa da Kumasi, har tsawon mako uku.

A Legon fitilun Noguchi ba su mutu ba dare da rana. An yi sa'a, sababbin ɗakunan gwaje-gwajen da Japan ta gina an buɗe su ne a 2019. Duk da haka samfura sun fi ƙarfin kayan aiki, sai Farfesa William Ampofo da abokan aikinsa suka koma ga wata dabara: a haɗa samfurin mutum goma a kwalba ɗaya a gwada. In ba a ga ƙwayar ba, duka goman sun fita da gwaji guda. In an gani, sai a koma a gwada kowa shi kaɗai. Tun da yawancin mutane ba su da cutar a lokacin, dabarar ta ninka abin da za a iya yi da ɗan sinadarin da ake da shi, kuma kafin Afrilu ya ƙare Ghana ta gwada samfuri sama da 100,000, adadin da ƙasashe ƙalilan a Afirka suka kai. Daga 17 ga Afrilu jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suka fara ɗauko samfura daga asibitocin karkara zuwa Accra da Kumasi. A watan ne kuma masanan Noguchi da WACCBIP suka karanta tsarin halittar ƙwayar daga samfura 15 na cikin gida, maimakon a aika Turai a jira. SORMAS ta haɗa masu bin sawu da ɗakin gwaji, shafin Hukumar Lafiya na fitar da adadi yanki-yanki, daga nan taswirar Johns Hopkins, wadda Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong suka ƙirƙiro, ta ɗauka ta nuna wa duniya. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo ba tare da ƙyashi ba, kuma 'yan ƙasa ne suka yi shi.

Ranar 13 ga Afrilu Mataimakin Shugaban Ƙasa Mahamudu Bawumia ya ƙaddamar da manhajar waya ta bin sawun cutar, inda mutum zai amsa tambayoyi kan alamun da yake ji. A nan ne tsohuwar tazarar ta sake fitowa. Manhaja tana son babbar waya, tana son data, tana son mai karanta Turanci. Matasan Nima da ke zaman majalisa suna shan shayi suna da waɗannan duka. Iyayensu mata da kakanninsu, waɗanda su ne cutar ta fi yi wa barazana, da yawansu ƙaramar waya ce a ƙulle a bakin zane. Shawarar da shafukan ke bayarwa ma an rubuta ta ne da wani irin gida a zuci. Ka keɓe kanka a ɗakinka, ka yi amfani da ban-ɗakinka kai kaɗai, ka riƙa wanke hannu da ruwa mai gudana. Mutum shida a ɗaki ɗaya, wanne ne ɗakinsa? Wanda kullum da asuba yake bin layi da kuɗinsa a hannu a ƙofar ban-ɗakin haya, ina zai keɓe? Gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa daga Afrilu, abin a yaba ne, amma wanda ya fi morewa shi ne mai famfo a gida. 'Yan mata masu dako a kasuwa, da mahauta, da direbobin motocin haya na trotro, da masu wake da shinkafa, kullen mako uku a wurinsu yunwa ce tsagwaronta. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da ya yi aiki a ƙofar kowane shago da masallaci ba ya buƙatar data: bokiti ne mai famfo a gindinsa, a ɗora a kan teburi, a ajiye roba a ƙasa ta tari ruwan, ga sabulu a gefe. Wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi tun shekarun 1990 don ɗakunan gwajin da ba su da famfo, kuma da sunanta ake kiransa. Teloli kuma suka koma ɗinkin takunkumi da ragowar atamfa.

Babban nauyin kuwa ya faɗa kan malamai. Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a Afrilun 1919, watanni kaɗan bayan marisuwa ta ratsa Accra, ga shi yana da shekara 100 da 'yan kai wata annobar ta same shi. Ya umarci Musulmi su bi dokar hukuma, su yi salla a gida. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutumin Zango kada ya je Juma'a. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, babu tarawihi a jam'i, babu taron tafsiri, Sallar Idi ta 24 ga Mayu ba a fita fili ba. Da umarnin daga shafin intanet ya fito kawai, ko daga bakin ɗan sanda, ba na jin zai zauna. Ya zauna ne saboda wanda ya faɗe shi. Tafsirin ma ya koma rediyo da Facebook, kuma ta wannan kafa ne bayanin likitoci ya samu shiga da Hausa: malami ya gama fassara aya, ya ɗan tsaya ya ja hankali kan wanke hannu da barin musafaha. Likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Zango, waɗanda suka yi karatu a Korle Bu da Legon da Kumasi, su suka zama tafintoci tsakanin ɗakin gwaji da tsakar gida, ba tare da kowa ya naɗa su ba.

Da aka sake buɗe masallatai ranar Juma'a 5 ga Yuni, sharuɗɗan sun haɗa da kada a wuce mutum 100, kada a wuce awa ɗaya, a bar tazara a sahu, sannan a rubuta suna da lambar wayar duk wanda ya shigo. Sai ga littafi da biro a ƙofar masallaci, ga wani matashi zaune yana rubutawa. A ganina wannan littafi ya fi manhajar waya kusa da abin da ake nema, domin mai rubutawar ya san kowa, ya san gidan kowa, kuma mai ba da sunan ya san hannun wa ya ba. Bayanin da mutum zai yi nauyin bakin faɗa wa baƙo mai ɗauke da kwamfutar hannu, a nan cikin sauƙi yake fita.

Wani bincike da WACCBIP ta yi a rabi na biyu na 2020 ya nuna abin da taswira ba ta nuna ba. Masanan suka bar ɗakin gwaji suka shiga kasuwanni da tashoshin mota da manyan kantuna a Accra da Kasoa, suna gwada jinin masu wucewa don ganin wanda cutar ta taɓa shiga jikinsa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar aka samu da alamar, kuma adadin a kasuwa da tasha ya ninka na manyan kantuna fiye da sau biyu. A farkon annobar ana ta cewa ciwon masu hawa jirgi ne, na mutanen unguwannin masu hali irin su East Legon da Cantonments. Ashe ta daɗe da sauka cikin talakawa, ta bi su shiru, yawancinsu ba su ma san sun yi ta ba. Adadin da ake gani a shafi na waɗanda aka gwada ne, ba na waɗanda suka kamu ba, kuma mai cin abinci daga hannu zuwa baki shi ne na ƙarshe da zai kai kansa gwajin da zai iya jawo a killace shi mako biyu.

Ranar 24 ga Fabrairu 2021 Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allurar rigakafi ta shirin COVAX, guda 600,000. Shugaban ƙasa ya miƙa hannunsa a gaban kyamara ranar 1 ga Maris, shugabannin addini da sarakuna suka biyo baya. Jita-jitar hana haihuwa ta dawo da tsohuwar rigarta, kuma a Zango an yaƙe ta ne da irin makamin da ta zo da shi, wato murya da Hausa. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum kimanin 1,460 da cutar ta kashe a ƙasar.

Johns Hopkins ta daina tattara alƙaluma ranar 10 ga Maris 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a watan Mayu. Abin da aka gina a ɓangaren gano cuta ya tsaya da ƙafarsa: a Yulin 2022 Noguchi ce ta fara gano cutar Marburg a samfuran da aka kawo daga yankin Asante, kafin Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar, kuma a 2023 Ghana ta kafa cibiyar rigakafi ta ƙasa. Ɓangaren mayar da bayani ga jama'a ne ya koma yadda yake, yana jiran sa-kai. Gidan rediyon gwamnati ya daɗe da sanya Hausa cikin harsunan da yake watsa shiri da su, jami'ar da ke Legon tana da masana harshe da masana lafiya a haraba ɗaya, Nima da Maamobi suna da matasan da suka iya waya kamar me. Haɗa waɗannan uku a samar da kafa ta dindindin, mai magana da murya, wadda liman da ungozoma da mai unguwa za su san da ita tun kafin ranar tsoro, bai kai wahalar karanta tsarin halittar ƙwayar cuta ba. A Oktoban 2024 kwalara ta sake ɓulla a yankin Ada, gabas da Accra, ta bazu zuwa wasu yankuna kafin shekarar ta ƙare.